Ɗiyata nono zalla take sha amma kilonta ya rage gudu, ko jini ne babu?

Maman Ilham, Gusau:
Salam iyayen gida don Allah ku ban shawara. Ɗiyata wata uku da rabi, nono zalla take sha ko ruwa ban fara ba ta ba, da farko sai ƙiba take amma awon wannan watan kilon kaɗan ya ƙaru, sannan da anka yi mata awon yawan jini (PCV) sunka ce ya ɗan sauka. Yanzu surukata ta ce nonona ya tsinke a fara kunu. Yarinya kuwa tana ta wasa da dariya, fitsari har gajiya nake da canjin famfas.

Anti Nas, Talata Mafara:
Wslm ƙanwata kwantar da hankalinki. Haka masu shan nono suke, wata biyu ukun farko su yi ta hawa da sauri daga nan sai su sassauta. Ma'aunin girma da hukumar lafiya ta duniya WHO ta fitar a 2006 ma da yara masu shan nono anka yi shi, a ƙasashe shida har da Gana, to ki duba katin awo in dai layinta na hawa bai kwanta ba bai yi ƙasa ba lafiya lau ne. Batun jini kuma, ko wane jariri da jini mai yawa ake haihuwarshi sai ya sauka wajen wata biyu zuwa uku ya sake tashi da kanshi, sinadarin ayon mai gina jini da ta zo da shi daga ciki yakan kai ta kusan wata shida in ba bakwaini ba ce. Daga nan ki fara kunun gyaɗa, ƙwai, hanta, wake, nono na ci gaba. Amma in tafin hannunta ko cikin idonta ya yi fari fat, ko zazzaɓi, ko ta ƙi kama nono, asibiti maza, a duba maleriya da jinotayip.

Hajiya Babba:
Surukar taki kam lallaɓa ta za ki yi 'yar nan, tsoro ne ya sa ba ƙiyayya ba. Ran awo ki tafi da ita ta ji da kunnenta.

Maman Sadik, Anka:
Ni ƙarin da zan yi, in maigidanki ko wani a gidan na aikin haƙar zinari a gwada gubar dalma. Mu nan mun ga tashin hankali a 2010, yara da yawa sunka rasu, kuma tana rage jini yaro na wasanshi ba ki sani ba.

Maman Ilham:
Na gode Allah saka da alheri. Babu mai haƙa a gidanmu, jinotayip ɗin dai zan sa Abbanta ya kai mu.