Neman shawara kan aikin auna rafuka a Antaktika

Ɗalibi daga Agege: Assalamu alaikum. Malamin da ke duba bincikena ya samo mini gurbi cikin tawagar da ke auna rafukan kwarin Taylor a Antaktika, inda ruwa ke gudu na 'yan makonni kawai, wajen Disamba da Janairu, idan ƙanƙara ta narke. Shin in karɓa, ko in ci gaba da aikina a kogin Ogun? Babbar damuwata ita ce lokutan salla, domin rana ba ta faɗuwa.

Baba na Idi-Araba: Ɗana, ka fara zuwa kasuwar Katangowa ka sayi rigunan sanyi masu kauri. In ka dawo, ka taho wa masu zoɓo da ƙanƙara.

Yaya daga Obalende: Ƙanena, ni ma an taɓa zaɓa ta. Na kashe naira 180,000 a gwajin lafiya da na haƙori, har aka cire mini haƙori guda, sannan biza ta makara. Ranar da ta fito, rafukan sun riga sun daskare, an kuma ba wani gurbina. Har yau ba wanda ya mayar mini da ko sisi.

Ɗan Mile 12: Yaya, tsada aka yi miki, domin naira 70,000 na biya.

Malam daga Yaba: Na yi wannan aikin. A birnin Christchurch na ƙasar New Zealand ake ba da kayan sanyi, daga tashar bincike ta McMurdo da ke Antaktika kuma jirgi mai saukar ungulu ke kai mutum kwarin. Da lokutan Christchurch na riƙa salla, bayan na tambayi malamai. Ba a barin komai a ƙasa, har fitsari a mazubi ake kwashe shi. Kogin Onyx da ke can Antaktika, mai tsawon kilomita 32, yana juya wa teku baya ya zuba a tafkin Vanda, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 ake auna shi. Ka tafi.

Yaya daga Obalende: Malam, wanda ya samu tafiya bai san zafin wanda aka bari ba, don haka maganata ya kamata ya fara saurara.

Baba na Idi-Araba: Abin da ya fi damuna shi ne, kogin da ba mai sha daga gare shi ana lura da shi shekara da shekaru, amma Ogun ya shiga gidan 'yata a Isheri cikin dare ba tare da wani ya sanar da su ba.

Ɗan Mile 12: Baba, mu ma bara haka ya ci mana buhunan albasa.