Ganyen shayi na awo: kilo nawa ke kai gida shekara?

Maman Khalifa, Badariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba sayen ganyen shayi na awo.

Mu goma sha ɗaya ne a gida idan aka haɗa da surukata da ƙannen maigida biyu da ke karatu a wajenmu. Shayin safe ba ya yankewa. Yara ba sa fita makaranta sai sun sha da burodi ko ƙosai. Inna surukata kuwa baƙi take sha, ba madara, da citta da kanumfari, kuma sai an sake yi mata da la'asar. Idan hunturu ya shigo ana ɗora tukunya ta biyu bayan isha'i, haka ma da azumi, sahur da buɗa-baki.

Mai jaka muke saye a shagon unguwa, kwali ɗaya-ɗaya. Jaka shida nake jefawa a tukunyar safe. Abin da ke damuna shi ne kullum cikin aike nake, kuma kowane aike da sabon farashi. Ina so in karɓi kuɗin gaba ɗaya a hannun maigida in sayo na shekara in ajiye, amma ba na son in je masa da magana ba lissafi. Kilo nawa zai ishe mu? Babbar kasuwa zan shiga nan Birnin Kebbi ko in ba da saƙo Jega? Kuma zai iya shekara a ajiye bai lalace ba?

Malam Sani, Argungu

Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kin riga kin ba mu abin lissafi. Ki duba jikin kwalin, yawancin jakunkunan giram 2 ne kowace. Jaka shida giram 12 ke nan, a kwana 365 ya zama giram 4,380. Na Inna na la'asar, jaka ɗaya kullum, giram 730. Tukunyar dare ta hunturu, mu ce kwana 90, giram 1,080. Ƙarin azumi na kwana 30, giram 360. Jimilla giram 6,550, wato kilo shida da rabi. Idan aka sa baƙi da suna da zaman gaisuwa, ki ce bakwai.

Sai dai wannan lissafin takarda ne. Jaka tana auna wa mutum, na awo kuwa hannu ne ke aunawa, kuma hannun yaro ya fi na kowa nauyi. Ki ware ƙaramin cokali guda ki bar shi cikin gwangwanin, shafaffen cokali ɗaya a madadin jaka ɗaya. Kafin ki fitar da kuɗi mai yawa, ki sayi giram 250 ki rubuta ranar da kika buɗe. Bisa yadda kuke sha yanzu, ya kamata ya yi kwana 17 ko 18. In ya ƙare a kwana goma, to ba kilo bakwai ne na gidanki ba.

Ɗan Kabi mai shayi, Jega

Hajiya, sana'ata ke nan, tebur gare ni a bakin tasha, don haka bari in yi magana da tsawo.

Da farko ki san wanda za ki ce a ba ki, domin "na awo" ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙi mai tsaki-tsaki, wanda inji ya yanka ya dunƙule. Irinsa ne ƙasar Kenya ta fi fitarwa, a Mombasa ake gwanjonsa. Yana sakin launi da wuri, yana ɗaukar madara, shi ne na tukunyar yara. Akwai namu na gida da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambilla a jihar Taraba, wanda ake sayarwa da sunan Highland. Sannan akwai kore na ƙasar Sin, wanda ake shayin Buzaye da shi. Wannan ba na madara ba ne, in kika zuba wa yara ba za su sha ba don ɗaci.

Na biyu, kada ki saya daga buhun da ke buɗe a rana tun safe. Ganyen shayi yana shan iska, yana shan warin abin da ke kusa da shi. Mai shagon da ya jera shi tsakanin sabulu da daddawa ya riga ya ɓata shi tun kafin ki zo. Ki ce a buɗe miki sabuwar leda a gabanki, ki sansana. Mai kyau ƙamshinsa na tashi, in kika murza a yatsa za ki ji shi a bushe ƙayau. In kwali ne ko fakiti, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa.

Ga gwajin da nake yi: in ɗebi kaɗan in zuba a kofin ruwan sanyi. Ganye na gaskiya ba ya gaggawar rina ruwan sanyi, a hankali yake saki. In ruwan ya yi ja nan take, an sa masa kala. An taɓa kawo mini irinsa da araha, na mayar wa mai shi, don ba zan ba mutanen da ke zama teburina kullum abin da ban sani ba.

Maganar sayen na shekara kuwa, ni ban ba ki shawara ba. Baƙin ganye yana iya wuce shekara in ba a buɗe shi ba, amma na awo an riga an buɗe. Zafin Maris zuwa Mayu a ƙasar nan kin san shi, daga nan damina ta shigo da danshi. Ki riƙa sayen kilo ɗaya da rabi ko biyu duk wata uku. Kuma ba sai kin aiko Jega ba, kuɗin mota zai cinye rangwamen.

Hajiya Inno, Yauri

Ni dai na ɗan saba da Ɗan Kabi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ka saya yau ya fi na gobe sauƙi, don haka na wata shida nake saye. Mu da ke bakin Neja mun fi ku danshi, amma bai taɓa yi mini fumfuna ba. Ina rarraba shi a leda rabin kilo-rabin kilo, in matse iskar in ɗaure, in sa kowanne a wankakken gwangwanin madara da ya bushe sarai. Ɗaya kawai ke kicin, sauran suna ɗakina, nesa da turare. Jiƙaƙƙen cokali kada ya shiga.

'Yar uwa, in za ki je wa maigida da lissafi, ki haɗa da sukari da madara. Ganye shi ne mafi ƙanƙantar kuɗi a kofin shayi. Mutum goma sha ɗaya, kowa cokali biyu na sukari, kusan giram 90 ke nan a zama ɗaya, ya haura kilo 30 a shekara, shayin safe kaɗai. Can kuɗin ke tafiya. Ki nemi rariyar shayi ta ƙarfe kuma, ta roba ba ta jure tafasasshen ruwa.

Abu Dandi, Kamba

Yaya, tambaya ɗaya: ƙannen maigidan nan biyu suna dafa shayin Buzaye da dare? In suna yi, ki cire su daga lissafinki, su sayi nasu. A majalisarmu ƙaramin kwali mai giram 25 muke juyewa a buta, a yi dahuwa uku a kan gawayi, shi ke nan ya tafi. In kullum ne, ya wuce kilo 9 a shekara, ya fi na gidanki duka.

Koren nan mai lamba 3505 ko 41022 a jikin kwali, mu nan ta wajen Gaya ta ƙasar Nijar muka fi samunsa. Shi ya sa rufe iyaka ke taɓa shi. Mun gani daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Kuma kore ya fi baƙi saurin rasa ƙamshi, ba a tara shi.

Maman Khalifa, Badariya, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu Dandi, suna yi, amma daren Juma'a da Asabar kawai, kuma da kuɗinsu.

Zan fara da giram 250 na mai tsaki-tsaki kamar yadda Malam ya ce, in yi gwajin ruwan sanyi kafin in dafa wa yara. In ya yi, zan sayi kilo biyu kafin hunturu, in rarraba a gwangwani irin na Hajiya Inno. Na Inna zan nemo mata na Mambilla daban ta ɗanɗana, tunda ita ce mai sha ba madara, ita za ta fi gane bambanci.

Ɗan Kabi, saura abu ɗaya. Shi wannan mai tsaki-tsaki, a tafasa shi tare da citta tun farko, ko sai an sauke ruwan a zuba a rufe? Inna ba ta son ya yi ɗaci.