Taswirar tsagogin ƙasa: tana ceton rai ko kuɗi kawai take ci?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Wannan aikin zana tsagogin ƙasa, wato wuraren da dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsage yake gocewa, a kwamfuta, da ake cewa da shi za a san yankin da girgizar ƙasa za ta yi wa ɓarna, ni ban ga rai ko ɗaya da ya ceta ba. Ku dubi Turkiyya. Hukumarsu ta binciken ma'adinai, MTA, ta sabunta taswirar rayayyun tsagogi, wato masu motsi har yanzu, a 2013. Hukumarsu ta agajin gaggawa, AFAD, ta fitar da sabuwar taswirar haɗari a 2018, wadda mutum zai shiga intanet ya sa wurin filinsa ya ga irin girgizar da ake tsammani. Duk da haka a girgizar ranar 6 ga Fabrairu 2023 mutum sama da 50,000 suka rasu. Ina amfanin?

Umar: Wa alaikumus salam. Injiniya, wannan kuwa shi ne aikin da nake yi na kammala digiri. Ina saurare.

Dakta Maryam: Injiniya Bashir, misalin da ka kawo ni yake goya wa baya. Girgizar farko mai ƙarfin maki 7.8 ta bi Tsagar Gabashin Anatoliya, wadda ke zane ɓaro-ɓaro a taswirar. Ta biyu mai maki 7.5, bayan kamar awa tara, ta tashi kusa da Elbistan a kan tsagar Çardak, ita ma sananniya ce. Taswira ta nuna wurin, ta nuna cewa abin zai yi girma. Abin da ya kashe mutane benaye ne da aka zuba wa kankare marar ƙwari, da ginshiƙan da aka sare a hawan ƙasa don a faɗaɗa shaguna. A 2018 ɗin nan gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, mai gida ya biya kuɗi a ba shi takarda. Wannan ba laifin mai zana taswira ba ne.

Injiniya Bashir: Ai abin da nake faɗa ke nan, Dakta. Idan ginin kirki ne ke ceton rai, a kai kuɗin wajen duba gini mana.

Dakta Maryam: Da wane lissafi za ka yi ginin kirkin? Kai ka fi ni sanin cewa yawan rodi da kaurin ginshiƙi suna bin ƙarfin jijjigar da aka ce ka yi tanadinta. Wannan adadin daga taswirar haɗari yake fitowa, ita kuma daga tsawon tsaga da saurin motsinta da tarihin girgizar yankin. Tsagar Gabashin Anatoliya tana zamewa kimanin milimita 10 a shekara. Idan ta shafe ɗaruruwan shekaru wani ɓangarenta bai motsa ba, ka san mitoci nawa take bin bashi.

Hajiya Binta: Ni ma'aikaciyar tsara birane ce, bari in sa baki. A Kalifoniya bayan girgizar San Fernando ta 1971 an yi doka a 1972, Alquist-Priolo. Ta hana gina gidan zama a kan tsagar da ta motsa cikin kimanin shekaru 11,000 da suka wuce, kuma yawanci ana ja da baya ƙafa 50. Mai sayar da gida a irin wannan yanki dole ya gaya wa mai saye. Ba taswira, ba dokar.

Malam Isiyaku: Allah ya ƙara sani, Hajiya. Ga wani kuma. Bututun man Alaska ya ratsa tsagar Denali. Tun lokacin shimfiɗa shi a shekarun 1970 masana suka nuna inda tsagar take, aka ɗora bututun a kan dogayen ƙarafa da zai iya sulɓewa a kansu. Ranar 3 ga Nuwamba 2002 girgiza mai maki 7.9 ta zo, ƙasa ta goce kusan mita huɗu a ƙarƙashinsa, bai fashe ba, mai bai zuba ba.

Injiniya Bashir: Na san labarin Denali, kuma na yarda da shi. Amma Malam Isiyaku, da ƙafa da guduma da hoton jirgin sama aka gano wannan tsagar, tun kafin kwamfutar da muke magana. To me sabon salon ya ƙara?

Malam Isiyaku: Ya ƙara ido, ranka ya daɗe. Shekaruna da yawa a aikin safiyo, na san abin da daji ke ɓoyewa. Na'urar lida tana harba hasken leza daga jirgi, wani ya faɗa kan ganye, wani ya ratsa ya taɓa ƙasa. Kwamfuta sai ta cire itatuwan ta bar maka tsurar ƙasa, har ɗan tudun da bai kai mita ɗaya ba ka gan shi. Da haka aka ga gaɓar wata tsaga a tsibirin Bainbridge kusa da Siyatil ta Amurka a ƙarshen shekarun 1990, wurin da kurmi ya rufe. Sannan ga radar tauraron Sentinel-1 na Turai. Ana haɗa hoton wuri ɗaya na ranaku biyu a ga inda ƙasa ta ɗaga ko ta nutse da 'yan santimitoci. Kwanaki kaɗan bayan girgizar Turkiyya an zana tsawon yagewar, sama da kilomita 300, ba tare da an jira an taka kowane ƙauye ba. Kuma taswirar takarda tana zaune a durowar ofis ɗaya, wannan kuwa ana iya ɗora ta a kan taswirar makarantu da asibitoci da layukan ruwa a ga wanne ke kan hanya.

Injiniya Bashir: To ku amsa mini waɗannan. Northridge ta Kalifoniya a 1994, tsagar tana binne can ƙasa, ba ta taɓa leƙo sama ba, ba wanda ya zana ta. Christchurch a Niyu Zilan, 22 ga Fabrairu 2011, mutum 185 suka rasu, tsagar da ba a san da ita ba. Maroko, 8 ga Satumba 2023, maki 6.8 a tsaunukan Atlas, kusan mutum 3,000. Hankalin kowa yana arewa wajen Al Hoceima da kuma Agadir da ta rushe a 1960. Mutanen ƙauyukan Al Haouz da ke kwana a ɗakunan laka, wa ya gargaɗe su? Abin da ya fi damuna shi ne taswira tana sa wanda ke farin wuri ya saki jiki.

Dakta Maryam: Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Farin wuri a taswira ma'anarsa ba a ga tsaga ba, ko ba a duba ba. Duk wanda ya karanta shi a matsayin aminci ya yi kuskure mai tsada. Shi ya sa mai lissafin haɗari na gaskiya ba ya tsayawa kan layukan da aka zana. Yana ƙara kason girgizar da ka iya tasowa ko'ina a yankin, yana duba abin da na'urori suka naɗa, yana tono tsofaffin rubuce-rubucen tarihi. Sai kuma irin ƙasar da gari ke zaune a kai, wadda sau da yawa ta fi nisan tsaga muhimmanci. A 1985 girgizar da ta rusa birnin Meziko ta tashi ne a gaɓar teku, nisan fiye da kilomita 300, amma birnin yana kan busasshen tafki, laka ta ninka jijjigar. Antakiya ta Turkiyya ma a kan lallausar ƙasar kogin Asi take.

Hajiya Binta: Garin Erzin a lardin Hatay, inda Antakiya take, gini bai rufta kan kowa ba a girgizar 2023. Magajin garin ya ce don bai yarda da ginin da ya saɓa doka ba ne. Masana ƙasa suka ce garin yana kan ƙasa mai tauri kuma ya ɗan yi nesa da yagewar. Ni a ganina duka biyun ne, kuma kowannenku ya ɗauki rabi.

Alhaji Tanko: Salamu alaikum, daga Ankara ta Gana nake bin ku. Mu nan ba labarin nesa ba ne. Ranar 22 ga Yuni 1939 girgiza ta kashe mutum 17 a garin nan, dattawan Zango sun gaji labarin daga iyayensu. An san tsagar Akwapim, an san wajejen Weija da McCarthy Hill ne ƙasa ta fi yawan motsi. Ku je ku ga gidajen da aka jera a kan tudun yanzu. Sani yana nan, filin ne ya yi tsada.

Umar: Dakta, ni tambayata kan gida ce. Na sa manhaja ta ciro mini layuka daga hoton tauraron ɗan adam da bayanan maganaɗisu da jiragen sama suka auna wa NGSA, hukumar binciken ƙasa ta Najeriya. Layukan da suka fito a kewayen Abuja sun yi yawa ƙwarai. Duka tsagogi ne?

Dakta Maryam: A'a Umar, kuma a nan ne ni kaina nake tsoron kwamfuta. Manhaja tana ganin duk abin da ya miƙe. Hanyar mota, bakin gona, jijiyar dutse, kwarin rafi, duk za ta ja musu layi. Ko wanda ya tabbata tsaga ce, saura babbar tambaya: tana da rai? Tsagar Ifewara zuwa Zungeru, daga Osun har Jihar Neja, ta samo asali ne tun kimanin shekaru miliyan 600. Kamar tsagar bango ce. Wata ta tsaya tun shekarar da aka yi ginin, wata tana buɗewa kowace damina, kuma daga hoto ba za ka bambance su ba sai ka shafa siminti ka dawo ka duba. Namu simintin shi ne na'urorin auna girgiza da tashoshin GPS da ke zaune wuri ɗaya shekara da shekaru, da kuma haƙa rami a gicciye kan tsagar a ga ko ta yanka sabuwar ƙasa ta sama, a kai gawayin da aka samu ɗakin gwaji a san shekarunsa. A Turkiyya da Kalifoniya ƙasa tana gudu, alama tana fitowa fili. A nan tsakiyar farantin Afirka muke, wato babban ɓawon ƙasa da nahiyar ke zaune a kai, motsin kaɗan ne ainun, ruwan sama da zaizaya suna share alamar kafin wata girgizar ta zo. Don Allah kada ka rubuta "rayayya" a kan layin da ba ka taka ba.

Injiniya Bashir: Madalla. To da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A Ikoyi bene mai hawa 21 ya rufta a Nuwamba 2021 ba tare da ƙasa ta motsa ba. Matsalarmu ke nan.

Malam Isiyaku: Amma ƙasar tana motsi, Injiniya. Ijebu-Ode a 1984, Kwoi a kudancin Kaduna a Satumba 2016, Mpape ta Abuja a Satumba 2018 har aka dakatar da fasa dutse na wani lokaci. Da aka yi ta Mpape, wasu sun ce nakiyar masu fasa dutse ce, wasu sun ce rijiyoyin burtsatse, wasu sun ce tsohuwar tsaga ce ta farka. Gardamar ta yi tsawo ne saboda tashoshin awo sun yi ƙaranci. Cibiyar awon motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi tana ƙoƙari, amma ƙasa mai faɗin Najeriya tana buƙatar tashoshi masu yawa kafin a ce ga ainihin inda motsi ya taso da zurfinsa. Kuma zama tsakiyar faranti bai hana ƙasar Gini ta yi asarar ɗaruruwan rayuka a Disamba 1983 ba, bai hana Latur ta Indiya a 1993 ba.

Injiniya Bashir: Ga inda na tsaya. Madatsun ruwa irin Kainji da Shiroro da Zungeru, da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano mai kilomita 614, a yi musu binciken tsaga mai zurfi, a haƙa ramin, a kafa na'urorin, na sa hannu. Amma taswirar ƙasa baki ɗaya mai ja da kore da za a ɗora a intanet alhali ba mu da awon da zai tsaya mata, ban yarda ba. Za ta karya darajar filin talaka a inda aka shafa ja bisa zato, ta kwantar da hankalin wanda ke kore bisa zato.

Hajiya Binta: Ni kuma ban yarda a jira ba. Mpape cike take da mutane, kuma kullum ana neman izinin sabon gini a can da Maitama da Katampe. Wanda ke teburin ba da izini dole ya yanke hukunci yau. A ba mu taswira mai aji uku: tsagar da aka tabbatar tana motsi, wadda ake zargi, da layin da ba a bincika ba, kowanne da shekarar da aka duba shi da sunan hanyar da aka bi. Wanda zai gina bene mai tsawo ko makaranta kusa da aji na biyu, a wajabta masa gwajin ƙasa kafin ya zuba fandisho. Mai ɗaki biyu a bar shi.

Injiniya Bashir: Idan za a rubuta ajin a jikin kowane layi, kuma gwajin ƙasar ya zama sharaɗin izini na gaske, zan duba. Amma a fara da tashoshin awon.

Dakta Maryam: Umar, ka raba layukanka haka nan, aji uku. Ka zaɓi biyar mafiya tsawo da ke kusa da Mpape, ka je da kamfas da guduma ka nemi gogaggen dutse ko niƙaƙƙe a kansu. Sauran duka ka bar su a aji na uku.

Umar: To Dakta, na gode. Zan fara da waɗanda hanya ke kaiwa.