Wutar kat-kat da ke zuwa tana ɗaukewa: mas ce, ko sai an ɗora baliz?

Baba Isuhu mai wuta: Assalamu alaikum ƴan zaure. Maganar da na yi a gareji har wasu suka ji haushi, ga ta a rubuce kowa ya gani. Kat-kat (mota mai ja da ƙafa huɗu) ɗin hannu da wutarta ke zuwa tana ɗaukewa, yau lafiya gobe ba lafiya, ba ta buƙatar baliz, wato na'urar da ake jonawa ta karanta kwamfutar mota. Ciwonta yana a maƙalin kan batir, ko a wayar mas (wadda ke maido wuta batir daga jikin ƙarfen mota), ko wata waya ce ta goge a jikin ƙarfe. Mai ɗora mata na'ura kuɗin mai mota kawai yake ci.

Nura: Wa alaikumus salam Baba. Da girmanku, ban yarda da ƙarshen maganar ba. Motar da kuke nufi ita ce ta da. Hilux da Prado masu injin D-4D da suka cika Damagaram yanzu, kwamfuta ce ke buɗe musu gazuwal. In ta kashe inji a hanya tana ajiye dalili. Me zai sa mu ƙi tambayarta?

Baba Isuhu mai wuta: Ɗana, kwamfutar da wuta take ci ko da tuwo? In wutar ba ta isa gare ta da kyau, duk abin da ta rubuta maka shirme ne.

Alhaji Laminu: Gara da kuka tada zancen, ni abin yana kaina. Hilux ce ta 2008, mai inji 2.5, daga Turai ta zo ta Lome. A cikin gari, daga Birni zuwa Kasuwar Dole, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma da na wuce Tanut na shiga gargada sai ta mutu tana cikin tafiya. In na jira kaɗan na murza makulli ta tashi kamar ba abin da ya faru. An sa sabon batir, an canza dinamo mai cajin batir, abin bai bari ba. Yanzu wani gareji ya ce kwamfutar za a canza, kuma kuɗin da suka faɗa ba na wasa ba ne. Hanyar Agadas ba wurin da mutum zai tsaya da iyali ba ce.

Baba Isuhu mai wuta: Kun ji ko. Batir, dinamo, yanzu kwamfuta. Alhaji, a cikin masu canje-canjen nan akwai wanda ya kwance wayar mas daga jikin inji ya dubi ƙarƙashinta?

Alhaji Laminu: Ban ga an taɓa ta ba, Baba.

Baba Isuhu mai wuta: To bari in yi bayani don masu mota su gane. Wuta tana fita daga batir ta jar waya, ta yi aikinta, ta dawo ta jikin ƙarfen mota. Abin da ke maido ta gida shi ne baƙar waya mai kauri da ta tashi daga batir zuwa bodi da jikin inji. Motocin Turai sun sha gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ta shiga ƙarƙashin noti tun can. Ka ga wayar daga waje fes, ka yanka robar ka tarar da jan ƙarfen ya zama kore, rabin silin ya karye. A kan kwalta tana riƙewa. Da inji ya fara rawa a gargada sai ta saki na ƙiftawar ido, shi ke nan mota ta mutu. Gwajin ba ya cin ko dala. A ɗauko wayar jan wuta, a kama ƙafar mas ta batir da baki ɗaya, ɗaya bakin a jikin inji, a ɗaure ta da kyau, a bi burji da ita. In ciwon ya ɓace an gama magana.

Nura: Wannan gwajin daidai ne, ni ma ina yi. Amma Alhaji akwai tambayar da ta fi komai. Sa'ad da ta mutu, me tablo, wato allon gaban direba, ya yi? Ya yi duhu gaba ɗaya, rediyo da agogo suka ɗauke? Ko fitilun tablo sun kunnu kamar ka murza makulli ba ka tayar ba?

Alhaji Laminu: Ina tsammanin sun kunnu. Rediyo dai bai ɗauke ba, wannan na tabbata, don ina sauraro.

Nura: To Baba ga inda muka rabu. Da kan batir ne ya saki, ko babban fiyus da ke kusa da batir, da komai ya ɗauke tare. Tunda rediyo na magana, babbar wuta tana nan. Abin da ya rage shi ne layin inji kawai: rile (ɗan makunni mai aiki da wuta) da ke ba kwamfuta wuta, ko sensan karanshaf (mai gane juyawar inji) da wayarsa, ko ƙaramar mas ta kwamfutar kanta. Sensan karanshaf in ya daina aika saƙo, kwamfuta ba ta san inji na juyawa ba, sai ta tsayar da gazuwal nan take. Kuma akwai waɗanda sai sun yi zafi suke yankewa, su huce su dawo. Wannan yana barin lamba P0335. Baliz za ta nuna ta cikin minti kaɗan, maimakon a kwana ana kwance wayoyi.

Baba Isuhu mai wuta: Ka ce ƙaramar mas ta kwamfuta. Ashe dai mas ɗin ce.

Nura: Ɗaya ce cikin uku, Baba.

Baba Isuhu mai wuta: Kuma rediyo ba hujja ba ce. Rediyo ta bodi take maido wutarta. Wayar da ke tsakanin batir da inji za ta iya lalacewa ta bodi tana nan lafiya. Sa'annan wannan lambar taka, ka faɗa wa mutane gaskiya, cewa take sensa ya mutu?

Nura: A'a. Cewa take layin sensa yana da matsala. Zai iya zama sensan, ko soket ɗinsa, ko wayar da ta goge.

Baba Isuhu mai wuta: Alhamdu lillahi. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Kai ka san haka, amma yara nawa ne a garin nan suka sayi baliz, lamba na fitowa sai su tura mai mota sayen kaya? A sa sabon sensa, soket ɗin da aka taɓa ya ɗan kama, mota ta yi sati biyu lafiya, a ce an gyara. Ranar da ta sake mutuwa mutum yana bayan Adarbisanat, shi da ƴaƴansa cikin rana. Wa zai ɗauki alhakin?

Mamman direba: Shi ya sa ni ba na rabuwa da Land Cruiser mai injin 1HZ. Silinda shida, lita 4.2, famfon gazuwal na ƙarfe zalla. Waya guda ce ke zuwa famfo, ita ke buɗe mai. In ta mutu a daji na san inda zan kai hannu, in jawo mata wuta daga batir in kai gari. Waɗannan na kwamfuta ku bar su a kwalta.

Hajiya Rabi: Malam Mamman, ba kowa ke da kuɗin irin taka ba, kuma Alhaji ya riga ya saya. Ni abin da nake so in ƙara, ku tambayi tarihin motar. Tamu a hannun wata ƙungiya muka saye ta. Sun sa mata rediyon sadarwa da na'urar bin sawu da ƙarin fitilu, da za su sayar suka cire kayansu suka bar wayoyin a yanke, an naɗe da salatif kawai. Zafin Afrilu da Mayu ya narkar da gam ɗin salatif, waya tsirara tana taɓa ƙarfe a ƙarƙashin sitiyari. Fiyus ya riƙa ƙonewa ba a san dalili ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na tarar wani ya ɗaura silin waya a gurbin fiyus ɗin don ya daina ƙonewa. Allah ne ya tsare ba ta kama da wuta ba.

Baba Isuhu mai wuta: Hajiya kin taɓo babban abu. Fiyus da ke ƙonewa yana gaya maka akwai ciwo ne. Mai 10 a maida mai 10, mai 15 a maida mai 15, a nemo dalili. Duk wayar da ba ta kamfani ba a cikin motar hannu, ni ita nake fara zargi. Na'urar bin sawu ma wasu a kan layin inji ake yanka ta, don a iya kashe mota daga nesa. In mai haɗin murɗawa kawai ya yi bai sa dalma ba, gargada za ta kwance shi. Wannan Nura, baliz ɗinka tana ganinsa?

Nura: Ba ta ganin murɗin waya. Amma tana iya nuna cewa wuta ta faɗi ƙasa, akwai lamba ta musamman a kan haka, kuma tana ajiye yanayin da inji yake ciki sa'ad da abin ya faru, zafinsa da gudunsa. Kuma kada a manta, ba duk mutuwar D-4D ce ta wuta ba. Akwai bawul a jikin famfon gazuwal mai daidaita shigar mai, in datti ya kama shi mota tana mutuwa ta sake tashi, kamanninsu ɗaya da ciwon wuta. Wanda ke shan gazuwal na jarka a hanya ya san da haka. Ta yaya za a raba su da fitilar gwaji?

Sale: Patoro, ni a garejinmu in ana shakkar dinamo, cire kan batir muke yi inji na tafiya. In bai mutu ba dinamo na da kyau.

Nura: Don Allah Sale ku daina. A motar kwamfuta wannan yana iya ƙona ta nan take, don batir ne ke shanye hawan wutar dinamo.

Baba Isuhu mai wuta: Yaro ka ji abin da ya faɗa maka, a nan bakinmu ɗaya. Ka nemi mita. Batir mai cike, mota a kashe, wajen volt 12.6 zai nuna. Inji na tafiya, tsakanin 13.5 da 14.5. Ka kunna fitilu da fanka ka ga ko ya riƙe.

Nura: Tunda an zo kan mita, ga abin da yawancinmu ba ma yi. Auna waya mota a kashe ba ya nuna komai. Sili ɗaya tak in ya rage a cikin wayar mas, mita za ta ce layi a haɗe yake. Kamar tiyo ne da aka taka, ruwa na ɗiga amma ba zai cika tulu ba. Sai an ɗora mata nauyi. Ka sa baki ɗaya na mita a kan dalmar batir ta mas, ita kanta dalmar ba maƙalin ba, ɗaya bakin a jikin inji, wani ya murza makulli. In ta nuna 0.2 ko ƙasa, lafiya. In ta doshi rabin volt ko ta wuce, akwai inda wuta ke maƙalewa. Haka za a yi wa jar waya daga batir zuwa demarer mai tayar da inji. Bayan nan a bar inji yana tafiya a bi ƙunshin wayoyi ana girgiza su da hannu, soket bayan soket, a ɗan ƙwanƙwasa rile, a motsa makulli a raminsa. Inda inji ya yi tuntuɓe, nan ne.

Baba Isuhu mai wuta: Duk wannan da ka lissafa, ina baliz a ciki? Aikinmu ne na tun fil azal ka zayyana.

Nura: Baliz tana gaba da shi, kuma dalilina ke nan na tsayawa a kan maganata. Ku in mota ta zo, abu na farko kuna kwance kan batir ku goge. A yawancin waɗannan Toyota, cire batir yana iya share abin da kwamfuta ta ajiye. Ciwon da ba ya zuwa sai a bayan Tanut, shaidarsa guda ke nan, ku kuma kun goge ta kafin a karanta. Motar Alhaji ma da aka canza batir, abin da ta ajiye kafin nan wataƙila ya tafi.

Alhaji Laminu: Ta sake mutuwa bayan an canza, kuma tun daga nan ba wanda ya taɓa batir.

Nura: To akwai fata. Kada a bari kowa ya kwance shi.

Baba Isuhu mai wuta: Wannan guda na karɓa, a karanta kafin a kwance. Amma ban janye ba a kan sauran. Lamba ko goma ta fito, Alhaji kada ka sayi ko noti sai an auna mas da nauyi, an girgiza wayoyi, an leƙa ƙarƙashin sitiyari. Kwamfuta kuwa ita ce ta ƙarshe da za a zarga, ba kasafai take mutuwa ta farfaɗo da kanta ba.

Nura: A kan kwamfuta ba ni da ja. A kan cewa baliz cin kuɗi ce, ina nan a inda nake.

Hajiya Rabi: To ku haɗu a kan motar mana, tunda kowa yana da abin da zai duba.

Alhaji Laminu: Asabar da safe zan kawo ta garejin Baba. Nura ka zo da na'urarka, kai za ka fara. In an gama sai mu fita burji mu uku, ita a jone, mita a hannun Baba, mu bi gargada har ta yi abin nata a gabanku.

Baba Isuhu mai wuta: Allah ya kai mu. Ka zo da ita da zafinta, ka ɗan zagaya kafin ka iso. Kuma kada yara su wanke injin.