Neman kalma: me za mu kira zoning da setback a shirin rediyo?

Mai Shirin Safe: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 8 ina da shiri kan wani rukunin gidaje da za a gina a bayan gari nan Kano, kuma an ba ni takardar sharuɗɗan da hukumar tsara birni ta gindaya wa kamfanin. Sauran duk na sami bakin zarensu, kalmomi biyu ne suka tsaya mini a wuya: zoning da setback. Ta farko ita ce a ce wannan yanki na gidajen zama ne kawai, ban da masana'anta, ban da gidan mai. Ta biyu kuwa, takardar ta ce a bar mita 6 tsakanin gini da iyakar fuloti ta gaba, mita 3 a baya da kowane gefe. A taimaka kafin isha'i.

Ɗan Kwari: Zoning ai karɓa-karɓa ne, kowa ya sani.

Mai Shirin Safe: Wancan na 'yan siyasa ne, yayana. Idan na faɗi haka mutane za su ɗauka gidan ne za a riƙa kwana bi da bi.

Safiyo: Ta biyun ki ce tazarar gini. Ta farkon kuma keɓe shiyya, ko tsarin amfani da fili. Abin da ya kamata mai sauraro ya gane shi ne samun takardar fili daban, izinin gini daban. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, takardar shaidar mallaka da ake ba ka yawanci ta shekara 99 ce, kuma an rubuta abin da aka ba ka filin dominsa. Kafin ka aza bulo ɗaya sai ka kai zanen gini KNUPDA, wato hukumar tsara birnin Kano, sun sa hannu. Wanda ya mai da gidan zama shaguna ba tare da an canja masa manufar filin ba ya saɓa, ko da kuɗinsa ya saya.

Malamin Nahawu: Ban yarda da dogon zance ba. "Tsarin amfani da fili" bayani ne, ba kalma ba ce. Hausa tana da hanyar ƙirar aikatau daga suna: gajere, gajarta, Hausa, Hausanta, Musulmi, Musulunta. To shiyya, shiyyanta. Zoning shi ne SHIYYANTAWA. An shiyyanta unguwar, shiyyantaccen fili. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, in aka ce mini an shiyyanta filina zan fara neman mai ruƙiyya ne.

Malamin Nahawu: Hajiya, kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka haife ta. Da an biye wa masu dariya da har yau ba mu da "na'ura mai ƙwaƙwalwa".

Ɗan Kwari: Wadda kowa ya watsar ya koma kwamfuta.

Dillalin Fili: Ni dai a bakin aiki ba na jin ko ɗaya. Magina setibak suke cewa, ko su ce "bar wa gwamnati nata". Kuma mu faɗi gaskiya, a awon igiya wa yake barin mita 3? Mutum ya sayi ƙafa 25 a faɗi, ya bar mita 3 dama, mita 3 hagu, abin da ya rage bai kai mita 2 ba, ko akurkin kaji ba zai ɗauka ba. Shi ya sa za ka ga katanga ta manne da katanga, taga tana buɗewa cikin tsakar gidan maƙwabci, indararo yana zuba a lungun da kura ɗaya ba ta wucewa in an ajiye babur. Ranar da gobara ta tashi motar kwana-kwana a bakin titi take tsayawa.

Safiyo: Wannan shi ne dalilin dokar ai. Iska, haske, hanyar ruwa, hanyar kai ɗauki. A fuloti mai ƙafa 50 da 100 lissafin yana fita.

Basakkwace: Malam, shiyyar da kake ja kamar roba tamu ce fa. A Sakkwato unguwa muka cewa shiyya tun kaka da kakanni. Kun ɗauka ba ku gode ba, yanzu kuma za ku liƙa mata wutsiya.

Malamin Nahawu: Daidaitacciyar Hausa ba ta neman izinin kowa kafin ta yi ƙira.

Basakkwace: Daidaitacciya ko Kananci da aka sa wa babbar riga?

Mai Shirin Safe: Don Allah iyayena, an kira magariba.

Tsohon Ma'aikaci: 'Yata, bari in sa baki. Abin nan ba Bature ne ya kawo mana shi ba. Dubi sunayen unguwannin cikin birni: Soron Ɗinki, Dukawa, marinar Ƙofar Mata. Masu sana'a ɗaya wuri ɗaya, majema kuma nesa da hancin mutane. Abin da Turawa suka ƙara shi ne rubuta shi a doka. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ita ta ware unguwar Turawa, aka bar yadi 440 ba gini tsakaninta da 'yan ƙasa, da sunan gudun sauro. Daga baya aka ware Bompai da Sharaɗa da Challawa don masana'antu. Don haka ni a ganina setback hurumi ne. Gari yana da hurumi, rijiya tana da hurumi, hanya tana da hurumi. Ki ce hurumin gini.

Safiyo: Baba, kalmar ta yi daɗi, amma akwai matsala. Hurumi a kunnen mutane fili ne na jama'a. Mita 6 ɗin nan kuwa naka ne, kana iya shuka darbejiya, kana iya ajiye mota, ɗaki ne kawai aka hana ka. In aka ce hurumi, gobe mai shayi zai kafa teburi ya ce na kowa ne.

Uwar Biyu: Kuma a ƙauyenmu in aka ce an kai mutum hurumi, to sai dai a yi wa iyalinsa ta'aziyya. Kada ki ce wa mai sayen sabon gida ya bar hurumi a ƙofar gidansa.

Tsohon Ma'aikaci: To, na janye rabi. A bar hurumi ga gefen titi da ƙarƙashin babbar wayar lantarki, inda ba na kowa ba ne.

Malamin Nahawu: Har yanzu ba wanda ya kawo hujjar nahawu a kan shiyyantawa. Dariya kawai ake yi. Kuma kada in ji setibak a rediyo, wannan kashe harshe ne.

Dillalin Fili: Malam, gidanka da bulo da siminti aka gina shi a kan fuloti, ruwan ƙofarka ta kwalbati yake bi. Wanne ne na Bayajidda a ciki?

Mai Shirin Safe: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan faɗa: setback, tazarar gini, sau ɗaya zan ƙara da "abin da magina ke kira setibak". Na gefen titi, hurumin hanya. Zoning kuwa zan ce keɓe shiyya, in bi shi da misali: shiyyar gidaje, shiyyar kasuwanci, shiyyar masana'antu.

Malamin Nahawu: Keɓe shiyya kalma biyu ce tana aikin kalma ɗaya. Amma tunda shiyya na ciki, ba zan kira gidan rediyon ba. A ajina dai shiyyantawa ce.

Safiyo: Ƙanwata, akwai plot coverage a shafi na biyu na irin takardun nan, wato kason fuloti da aka yarda gini ya cinye. Kin duba?

Mai Shirin Safe: Innalillahi. Akwai.