Fentin da na fesa wa kujerun roba yana ɓarewa, ina mafita?

Maman Walid, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata bayar da hayar kujeru da rumfa na biki. Ina da farare guda sittin da rana ta cinye, in ka shafa sai wani gari-gari ya biyo hannunka. Watan jiya na aiki yarona ya sayo fentin gwangwani mai fesawa, muka yi wa goma ruwan gwal. Ranar kam sai ka rantse sababbi ne. Biki ɗaya suka je a Unguwar Sanusi, suka dawo fentin na ɓarewa kamar ɓawon albasa, har wata baiwar Allah ta kira ni tana faɗa wai na ɓata mata leshi. An ce sai na fara fesa firaima, wato abin da ake shimfiɗawa kafin fenti don ya kama. Wace iri zan saya, kuma ya ake yi?

Mai fentin mota, Panteka: Wa alaikumus salam Hajiya. Kifa kujera ɗaya ki duba ƙarƙashinta, galibi za ki ga harufan PP ko lamba 5 a cikin ɗan alwatika. Irin robar da ake yin yawancin bambar mota ke nan, kuma fenti ba ya kama ta, zamewa yake yi kamar ruwa a ganyen gwaza. Firaimar ƙarfe, ja ko ruwan toka da ake fesa wa ƙofa, ba za ta yi miki komai ba. Ki nemi wadda aka rubuta Plastic Primer ko Adhesion Promoter a jikinta, ki sa a karanta miki bayan gwangwanin a tabbatar an ambaci PP. Da yawansu ba su da launi, kada ki zaci ruwa aka sayar miki.

Amma rabin aikin kafin fesawa ne. A wanke da Omo sosai, domin maiƙon abincin biki da zufa suna nan a jiki. A bi da sanfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, har garin nan da kika ce ya fita duka. Robar da rana ta kashe ce, in aka fesa a kanta da ita fentin zai taso. Sai a goge da sipirit na kemis, a bari ta bushe. A girgiza gwangwanin firaimar kamar minti 2 bayan ƙwallon ciki ya fara ƙara, a tsaya nesa da kujerar kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 30, hannu na tafiya ba tsayawa. Shafi biyu marasa kauri, minti 10 zuwa 15 a tsakani. Lokacin ɗora fenti kuwa a bi abin da gwangwanin ya ce, don wasu in suka wuce lokacinsu sai an sake.

Kawu na Kakuri: Ni dai 'yata, da za ki ji tawa, ki lissafa kuɗin firaima da fenti da ladan mai aiki na kujera sittin tukuna. Kujerar haya jera ta ake yi ɗaya kan ɗaya, a jefa a a-kori-kura, a ja ta a ƙasa. Wane fenti ne zai jure wannan? Robar da ta fara gari ma ta kusa karyewa. Ki sayar wa masu sayen tsohuwar roba ki cika ki sayi sababbi, ko ki ɗinka musu riguna.

Antin Malali: Kawu ya faɗi gaskiya, amma ni na yi wa tukwanen fulawata na roba kuma har yau suna nan, sai dai su ba a zama a kansu. Kuskurena na farko fesawa cikin hazon hunturu, ƙura ta manne ya zama kamar sanfefa. A yi a inuwa inda iska ke shiga, a yayyafa ruwa a ƙasa, yaron ya sa takunkumi, a nisanci murhu. Ki gwada ɗaya kawai, bayan mako guda ki tsaga fentin da reza a wani lungu, ki manna salatif ki fizge. In ya biyo, kin huta da asarar sauran.

Maman Walid: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, PP ɗin ne kuwa. Goman da muka ɓata fa, in sa a wanke su da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi?

Mai fentin mota, Panteka: Tunda da kansa yake ɓarewa, buroshi da ruwan ɗumi da sanfefa sun isa. Kada yaron ya saba da zuba wa roba tina, akwai irin ta murfin gefen mashin da take narkarwa. Kuma in kin fesa, ko ya bushe a hannu kada a jera su sai sun kwana bakwai. Ki ware waɗannan goman don wajen zaman amarya da ƙawayenta, sauran hamsin ki bi shawarar Kawu.