Wai mutum ɗaya ne ya kafa maganin gargajiyar Sinawa?

Baban Ummi: Jama'a, ni fa ina nan kan bakana. Maganin gargajiyar Sinawa ya kusa shekara 5,000, kuma sarki Shennong ne ya kafa shi. Shi ya koya musu noma, sannan ya shiga daji yana ɗanɗana ganye da saiwa da bakinsa, har an ce ya ci guba sau 70 a wuni ɗaya.

Malam Habu: Haba Alhaji! Mutumin da aka ce kansa irin na sa ne, cikinsa kuma garai-garai, yana kallon yadda ganye ke aiki a hanjinsa? Rubutun Sinanci mafi tsufa da aka tono, wanda aka zana a ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru a garin Anyang na ƙasar Sin, na wajen 1250 ne kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi kuwa Shennong ana kai shi wajen 2700. Wa ya rubuta masa? Littafin da ke ɗauke da sunansa, Shennong Bencao Jing, sai zamanin daular Han aka haɗa shi, kimanin shekara 2,000 ke nan.

Hajiya Ladi: Malam, rashin rubutu ai ba rashin sani ba ne. Kakata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma a duhu za ta bambance maka sabara da marke.

Malam Habu: Hajiya, kin taya ni faɗa ne ba ki sani ba. Ilimin kakanni dubbai ne aka tara, aka liƙa wa mutum ɗaya. Kuma Sinawan da kansu sun faɗa. Littafin Huainanzi, wanda aka miƙa wa sarki a 139 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya kawo zancen guba 70 ɗin. A babin nan dai ya ce mutane na girmama tsohon abu su raina sabo, shi ya sa mai son a saurare shi sai ya jingina maganarsa ga Shennong ko Huangdi, wani sarkin da shi ma ake danganta magani da shi.

Baban Ummi: To ko ma wa ya rubuta, littafin ai yana aiki.

Dokta Amina: Baba, wani wurin ya yi aiki, wani wurin a yi hattara. Magunguna 365 ne a ciki, an kasa su uku: 120 na sama da aka ce ana iya sha kullum don tsawon rai, 120 na tsakiya, sai 125 masu ƙarfi da guba. A na tsakiyan akwai wani tsiro mai suna ma huang, wanda daga baya aka ciro maganin asma daga cikinsa. Amma a sahun farko, tare da saiwar ginseng, an saka jan dutsen da ake fitar da zaiba daga gare shi. Wanda ya bi wannan shawarar kullum, ƙodarsa ce za ta ba da labari.

Baban Ummi: Maganin zazzaɓin cizon sauron da kuke rubuta mana fa, Dokta? Ba daga can ya fito ba?

Dokta Amina: Daga can ne, amma ba daga Shennong ba. Wata masaniyar magunguna 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta sun bi girke-girken magani sama da 2,000. Ganyen qinghao ya yi ta ba su kunya, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, har ta karanta bayanin Ge Hong, wani masani na ƙarni na 4, wanda ya ce a jiƙa cikin hannu guda a ruwa, a matse, a sha. Bai ce a tafasa ba. Nan ta gane zafi ke lalata sinadarin, ta sauya hanyar tacewa a 1971, ta gwada a dabbobi, ta kuma sha da kanta. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Hajiya Ladi: Ta sha da kanta? To Alhaji, ga Shennong ɗinka nan, ashe mace ce.

Baban Ummi: Ban sauka ba tukuna, Hajiya. Dokta, an ce ganyen dangin tazargade ne. In jiƙa wa yara kawai?

Dokta Amina: A'a Baba, don Allah. Ba ka san adadin sinadarin da ke cikin jiƙon ba. A fara yi musu gwajin jini, in maleriya ce a ba su ƙwayar kwana uku, su shanye duka.